Ƙarfi ko Dabara: Sharhi a Kan Majigin "Deduce, You Say!"

Wannan gajeren majigi na zane mai motsi ya fito ne daga kamfanin Warner Bros. na Amurka a shekarar 1956. Chuck Jones ya shirya shi, Michael Maltese ya tsara labarin. Tauraronsa shi ne agwagwar nan Daffy, wanda ya fito a matsayin Dorlock Homes, wato shaguɓe ga shahararren mai binciken nan Sherlock Holmes. Porky kuwa shi ne Watkins, yaronsa.

Labarin ya gudana a birnin Landan, inda suke farautar wani ƙaton ɗan ta'adda da ya tsere daga kurkuku. Da suka riske shi a mashaya, Daffy ya yi ta kokawar kama shi, ya kasa ko gusar da shi. Sai Watkins ya tambaye shi cikin ladabi, nan take ƙaton ya faɗi sunansa, ya kuma yarda ya koma kurkuku.

A nan masu kallo kan rabu. Wasu na ganin ban dariyar duk tana cikin wuyar da Daffy ya sha. Wasu kuwa na ganin gugar zana ce ga shugaba mai cika baki wanda na ƙasa ke yi wa aiki.

A ganina ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, domin ko bayan wannan kunya Daffy bai risina ba, sai ya koma tuhumar wata tsohuwa mai tallar furanni, ashe mahaifiyar ƙaton ce, ya sha dukan kawo wuƙa. Lalle gwano ba ya jin warin jikinsa.