Kafin Mu Tambayi "Nawa Ne?"

Ranar da muka buɗe adudun kakata a gidanmu na Ƙauyen Alu, a ƙarƙashin zannuwan saƙi muka tarar da wani ƙullin tsumma. Da muka kwance, sai ga anini bakwai masu huji a tsakiya, da sule biyu, da takardar fam ɗaya wadda gara ta ɗan lashi gefenta. Ƙanena ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Kafin la'asar, mutum uku sun taya. Ni kuwa na ce ba na sayarwa ba ne.

Sha'awar tara tsofaffin kuɗi ta fara shiga ran matasanmu, kuma abin ya yi mini daɗi. A Turai an daɗe ana yi, har takardun kuɗin Danzig, 'yar ƙasar da ta rayu daga 1920 zuwa 1939, rububinsu ake yi. Mu ma muna da abin tarawa. Akwai kuɗin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912, waɗanda kakanninmu suka karɓa a cinikin gyaɗa. Akwai fam ɗin Nijeriya na 1959, da wanda aka canja a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da Biyafara ta buga nata. Sai naira a 1973, da Murtala mai naira ashirin a 1977.

Abin da ke damuna shi ne yadda ciniki ya rinjayi sha'awa. Har gobe muna cewa "ko anini", muna cewa "ko sisin kwabo", muna kiran naira ɗari biyu jaka domin da fam ɗari ce. Amma yaranmu ba su taɓa riƙe ko ɗaya a tafin hannu ba. In muka kwashe muka sayar wa baƙi, kalmomin za su zauna a bakinsu ba ma'ana.

Don Allah, wanda ya samu ya adana. Kada a goge kwabo da toka ko lemon tsami, kada a ɗaure takarda da roba. A sa a ambulan, a rubuta sunan mai ita da sana'arta. Kakata ƙuli-ƙuli ta soya ta tara nata.

Kafin mu tambayi "nawa ne?", mu fara da "na wa ne?"