Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo, Amma Ba Shi Kaɗai Ke Ɗakin Ba

Fim: Under the Banner of Heaven (kashi 7)
Shekara: 2022
Kamfani: FX
Tsara labari: Dustin Lance Black
'Yan wasa: Andrew Garfield, Daisy Edgar-Jones, Sam Worthington, Wyatt Russell, Gil Birmingham

Mai karatu, wannan watan za mu ɗan ajiye finafinanmu na gida mu leƙa Amurka. Fim ɗin da za mu duba ya shafi wani addini da yawancinmu ba mu taɓa ganin mabiyinsa ido da ido ba, wato addinin Mormon. Kada ka ce ina ruwan mutumin Buji da Mormon. Tambayar da fim ɗin ya tayar tamu ce: idan mutum ya bar wata tafiya ya dawo yana ba da labarinta, yaya za mu saurare shi?

Tun farko bari in share fage. Ni Musulmi ne, kuma wanda ya kafa wannan addini, Joseph Smith, ya yi da'awar annabci, abin da babu Musulmin da zai karɓa. Saboda haka ba aƙidarsu nake karewa ba. Abin da nake karewa shi ne haƙƙinsu na a yi musu adalci a gaban kyamara.

Smith ya kafa cocinsa a jihar New York a 1830, aka kashe shi a gidan yari a 1844. Magajinsa Brigham Young ya ja mabiya zuwa yankin da yanzu ake kira Utah a 1847. Yau yawansu ya haura miliyan 17 a duniya, kuma sama da 200,000 daga ciki 'yan Nijeriya ne, akasari a Kudu. Suna da babban wurin ibada a Aba tun 2005. Ba su shan giya ko taba, ba su shan kofi, suna fitar da kashi goma cikin ɗari na samunsu. A da suna auren mace fiye da ɗaya, amma cocin ya sanar da dainawa a 1890, kuma yau duk wanda ya ƙara aure korarsa ake yi. Tun 2018 ma shugabanninsu suka roƙi a daina kiransu Mormon, sai dai sunan ya riga ya bi su.

Labarin fim ɗin ya faru da gaske. Ranar 24 ga Yuli, 1984, a garin American Fork na jihar Utah, an yi wa wata mata mai suna Brenda Lafferty, 'yar shekara 24, yankan rago tare da 'yarta mai wata 15. Waɗanda suka aikata yayyen mijinta ne, Ron da Dan. Ron ya ce wai wahayi aka yi masa a kawar da ita. A ƙasan wahayin kuwa akwai haushi: matarsa ta bar shi ta tafi da 'ya'yansu, shi kuma yana zargin Brenda ce ta ƙarfafa mata gwiwa. An yanke wa Ron hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a 2019 kafin a zartar. Dan ya samu ɗaurin rai da rai. Jon Krakauer ya rubuta littafi a kan lamarin a 2003, daga nan Dustin Lance Black ya tsara fim. Black ya tashi a gidan 'yan Mormon, daga baya ya fita, kuma marubuci ne na gaske, don ya ci kyautar Oscar a 2009.

A faɗi gaskiya, fim ɗin ya haɗu. Andrew Garfield ya fito a matsayin ɗan sanda Jeb Pyre, mutum mai riƙo da addini wanda binciken kisan yake ta zaizaye masa imani. Dubi yadda yake fitowa daga ɗakin da aka yi kisan, bai ce uffan ba amma fuskarsa ta gama bayani. 'Yan wasanmu da suke ganin sai an ɗora hannu a ka an kwarma ihu sannan an nuna baƙin ciki, ga makaranta nan kyauta. Hoto ya fita, sauti ya zauna, kuma an bi sauyawar Ron da Dan daki-daki, daga ƙin biyan haraji har zuwa da'awar wahayi. Babu garaje.

To ina matsalar take? Tana wurin yanka da haɗawa. Ana cikin nuna 1984 sai a tsallaka da kai zamanin Smith da Young, a nuna jini, sannan a dawo da kai gidan su Lafferty. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mai kallo ba ya buƙatar a ce masa komai, hoton ya riga ya yanke hukunci: wuƙar Dan daga tushen addinin ta tsiro. Har an sa wa mijin Brenda magana a baki cewa addinin nasu maza masu haɗari yake haifarwa. Wannan ba ƙaramar tuhuma ba ce a kan mutum miliyan 17.

Ga abubuwa uku da masu kare addinin suka kafa hujja da su, kuma a ganina suna da nauyi. Na farko, cocin ya kori Ron da Dan tun kafin su yi kisan. Fim ɗin bai ɓoye haka ba, amma ya ba shi ɗan lokaci kaɗan ya wuce. Na biyu, wadda aka kashe ita ce mai riƙo da addinin. Brenda ta yi karatun jami'a, ta tsaya ta ƙi bin shirmen yayyen mijinta, kuma a kan imaninta ta tsaya. Idan addinin ne ya haifi Dan, to wa ya haifi Brenda? 'Yar'uwarta ma ta fito ta shaida wa 'yan jarida cewa matar da aka nuna a fim ba ita ce wadda ta sani ba. Na uku, Jeb Pyre babu shi a duniya. Ƙirƙirarsa aka yi. Ke nan mutumin da muke kallon komai ta idonsa, wanda imaninsa ke rushewa a gabanmu, alƙalamin wanda ya bar addinin ne ya zana shi. A kashi bakwai ɗin nan da wuya ka ga mai imani guda wanda ya san tarihin nan sarai, yana da hankali da kirki, kuma ya zaɓi ya zauna. Alhali akwai su, har da farfesoshin tarihi irin su Patrick Mason, wanda ya soki fim ɗin a rubuce.

Don ka ji abin a jikinka, mai karatu, juya shi gida. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci sama da mutum 4,000 a Kano. A ce wani da ya bar Musulunci ya samu kuɗi ya shirya fim a kai, ya ɗauko ƙwararrun 'yan wasa, duk sanda aka nuna almajiran Marwa da makamai a 'Yan Awaki sai a tsallaka zuwa jihadin Shehu Ɗanfodiyo na 1804, a dawo. Sannan jarumin fim ɗin ɗan sanda ne mai salla wanda a ƙarshe ya rasa imaninsa. Me za ka ce? Za ka ce malaman Kano sun ƙi Maitatsine, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu Musulmi ne. To, hujjar 'yan Mormon ke nan, babu ragi babu ƙari. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga yadda aka yi mana da Submission a 2004, fim ɗin da Ayaan Hirsi Ali ta rubuta bayan ta bar Musulunci. Ba daidai ba ne mu yi kuka ranar nan, yau kuma mu tafa don wasu aka taɓa.

Kuma ba yau aka fara yi musu ba. Tun 1922 aka yi wani fim a Ingila, Trapped by the Mormons, inda aka nuna masu wa'azinsu a matsayin masu sace 'yan mata. A 1982 wani tsohon ɗan cocin, Ed Decker, ya fitar da The God Makers, wanda har wata ƙungiyar haɗin kan Kiristoci da Yahudawa ta Amurka ta ce bai yi adalci ba. Fim ɗin Black ya fi waɗannan hankali nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ma ya sa ya fi su tasiri. Zagi tsirara kowa na iya gane shi. Wanda aka yi wa ado shi ne mai wuyar kaucewa.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk mai kare addinin nan da zai ce tsofaffin mabiya ƙarya kawai suke yi, ya faɗi tun kafin a fara. Kisan Mountain Meadows da fim ɗin ya nuna ya faru: ranar 11 ga Satumba, 1857, mayaƙan Mormon suka yaudari wani ayarin matafiya suka kashe kusan mutum 120, yara ƙanana 17 kawai aka bari. Mutum ɗaya tak aka hukunta, John D. Lee, shi ma sai a 1877. Sai a 2007 wani babban jagoran cocin ya je wurin ya bayyana nadama. Masana na jayayya a kan ko Brigham Young ya ba da umarni, domin akwai wasiƙarsa da ke cewa a bar matafiyan su wuce, wadda ta iso bayan an gama ta'asar. Amma ko masu kare shi sun yarda cewa zafafan huɗubobinsa sun hura wutar.

Haka batun aure. Shekaru da dama tsofaffin mabiya irin su Jerald da Sandra Tanner suna buga takardun da ke nuna yawan matan Smith, ana ce musu maƙiya. A 2014 cocin da kansa ya wallafa cewa an ƙiyasta matan tsakanin 30 zuwa 40, ciki har da 'yar shekara 14. Haka batun launin fata, wanda ya shafe mu kai tsaye: har zuwa Yunin 1978 baƙin mutum ba ya samun muƙamin limanci a cocin. Wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya yi shekaru yana aika wasiƙu yana roƙon a zo a shigar da shi, sai a Nuwambar 1978 aka yi masa baftisma. A 2013 cocin ya fito ya nesanta kansa da dalilan wariyar da aka riƙa koyarwa a da. Ga kuma kuɗi: a 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin jarinsa tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye girman jarinsu a takardu, kuma wani tsohon ma'aikacin kamfanin ne ya fara tona asirin a 2019.

Ka ga ke nan mai ɗaki ya san inda yake yoyo. Wanda ya fita yakan faɗi abin da na ciki ke jin nauyin faɗa. Kuma kariyar da ta yi wa 'yan Mormon amfani ba musu ba ce. Buɗe ɗakin ajiyar takardu ne. Littafin da ya fi zurfafa bincike a kan Mountain Meadows daga ɓangarensu, wanda ya fito a 2008, masana tarihi uku 'yan cocin ne suka rubuta, kuma sun ɗora laifin a kan shugabannin cocin na yankin. Wanda ya riga ka faɗin laifinsa ya rage maka abin faɗa.

Inda nake rabuwa da Black shi ne a kan matsayin shaida. Tsohon mabiyi shaida ne, ba alƙali ba. A kotun shari'a ta Gantsa ko ta Dutse, in mace ta kawo ƙarar miji, alƙali zai saurare ta tsaf, don ita ta zauna a gidan. Amma ba zai rubuta hukunci ba sai an kira mijin. Mu ma a nan mun saba da irin wannan. Wanda ya bar ɗariƙa ya koma Izala, ko ya bar Izala ya koma ɗariƙa, ko ya fita daga Shi'a, yakan zama tauraro a majalisa, kowa na son jin "sirrin ciki". Wani abin da zai faɗa gaskiya ne, wani kuma ciwon rabuwa ne ke magana. Shi fim matsalarsa ita ce mai riƙe da alƙalami shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma shi ke zaɓar kiɗan da za a sa a ƙarƙashin hukuncin.

Marubutanmu da daraktocinmu su ɗauki darasi. Sau nawa muka ga an fito da ɗan wata ƙungiya ko wata ƙabila a fim ko littafi don kawai a yi masa dariya ko a tsane shi? Gwajin mai sauƙi ne: idan wanda ka zana ya kalli aikinka, zai gane kansa, ko da bai ji daɗi ba? In ya ce "wannan ni ne, amma ka tona ni", ka yi aiki. In ya ce "wannan ba ni ba ne", to da sauran gyara. Addininmu ya hore mu da adalci ko ga wanda ba mu so, bai ce sai wanda muka yarda da aƙidarsa ba.

Shawarata: manya su nemi fim ɗin su kalla, ko a wurin masu tura finafinai a waya ne, amma ban da yara, don akwai jini da wuraren da ba su dace da su ba. Ka kalle shi don wasan Garfield da iya jan labari. In ka gama, ka tuna ɓangare ɗaya ka ji. Wajen sana'a na ba shi maki 8 cikin 10. Wajen adalci kuwa, 4 ma don Brenda ne.

Mai ra'ayi daban, filin wasiƙu a buɗe yake. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.