Hasashen Gwarzayen Oscar: Tsakanin "Zai Ci" da "Ya Cancanta"

1.0 Gabatarwa

A farkon kowace shekara, jaridun Amurka da Turai kan cika da rubuce-rubucen da ke ƙoƙarin faɗin wanda zai lashe kyautar Oscar tun kafin ranar biki. An fara bikin ne a Holiwud a 1929, kuma masu jefa ƙuri'a a yanzu sun kai kimanin 10,000, dukkansu ma'aikatan fim. Wannan maƙala za ta duba hujjojin da masu hasashe ke kafawa, da inda suke tuntuɓe, da kuma dalilin da ya sa bai kamata ɗalibi ya ɗauki hasashe a matsayin tarke ba.

2.0 Hujjojin masu hasashe

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar Oscar ita ce kyaututtukan da ƙungiyoyin furodusoshi da daraktoci da ƴan wasa na Amurka ke bayarwa makonni kaɗan kafin bikin, tare da BAFTA ta Ingila. Amfaninsu shi ne, da yawa daga mambobin waɗannan ƙungiyoyi su ne kuma ke zaɓe a Oscar.

Hujja ta biyu ita ce tsarin ƙidaya. Tun daga bikin 2010, mai zaɓen gwarzon fim yana jera finafinan ne daga wanda ya fi so zuwa ƙasa. Idan babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe, a miƙa ƙuri'unsa ga zaɓi na gaba, har a sami mai rinjaye. Saboda haka fim ɗin da kowa ya yarda da shi daidai gwargwado kan doke wanda wasu ke mutuwar so, wasu kuma ke ƙi.

3.0 Inda hasashe ke tuntuɓe

A 2006, Brokeback Mountain ya sami kyautar furodusoshi da ta daraktoci, amma Crash ne ya yi nasara. A 2017, La La Land ya shiga takara a gurabe 14, har ma aka yi kuskuren ambata sunansa a kan dandamali, kafin a gyara a ce Moonlight ne gwarzo. A 2020, 1917 ya haɗa kyautar furodusoshi da ta daraktoci da BAFTA, sai ga Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Ingilishi ba da ya lashe babbar kyautar.

Abin lura shi ne, Crash da Parasite duk sun sami babbar kyautar ƙungiyar ƴan wasa, kuma ƴan wasa ne rukuni mafi girma cikin masu zaɓe. La La Land kuwa bai ma shiga wannan takara ba. Ke nan alamun suna nan, masu hasashe ne suka fifita wasu a kan wasu. Bugu da ƙari, bayan ƙorafin 2015 da 2016 cewa duk ƴan wasan da aka tsayar farar fata ne, hukumar ta ɗauki sababbin mambobi masu yawa daga ƙasashen waje. Idan masu zaɓe suka sauya, lissafin shekarun baya ba ya tsayawa yadda yake.

4.0 "Zai ci" da "ya cancanta"

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya sa ido. Jimlar "fim kaza zai ci" magana ce a kan halin masu zaɓe: abin da suka gani, da tallar da aka yi musu, da yanayin da ake ciki. Jimlar "fim kaza ya cancanta" kuwa hukunci ne a kan aikin kansa: zubin labari, da sarrafa harshe, da ɗaukar hoto. Raunin yawancin rubuce-rubucen hasashe shi ne suna cakuɗa jimlolin biyu, har mai karatu ya zaci yawan kyaututtuka shi ne ma'aunin inganci. Tarihi bai goyi bayan haka ba: Citizen Kane, wanda manazarta suka daɗe suna sa shi a sahun gaba, ya sha kaye a 1942. Hasali ma, sai a 2025 aka wajabta wa mambobi kallon duk finafinan da ke rukuni kafin su zaɓa a zagayen ƙarshe.

5.0 Finafinan Afirka

Illar wannan cakuɗawa ta fi bayyana a rukunin finafinan ƙasashen waje. Sau uku ƙasashen Afirka suka yi nasara: Aljeriya da Z a 1970, Kodebuwa a 1977, Afirka ta Kudu da Tsotsi a 2006. Nijar ta tura Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta a 2018. An cire Lionheart na Najeriya a 2019 saboda Ingilishi ya rinjayi zantukansa, daga baya ƙasar ta tura The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, waɗanda Hausa ta mamaye su. Babu wanda ya kai zagayen finafinai 15. Mai hasashe ba zai yi mamaki ba, domin ba su da kuɗin talla a Amurka. Amma wannan bai faɗi komai a kan ingancin Hausar da ke cikinsu ko ƙarfin labarinsu ba.

6.0 Kammalawa

Hasashe ilimi ne mai amfani ga wanda ke son sanin yadda masana'antar fim ke gudana. Haɗarinsa shi ne ɗalibi ya bar masu ƙuri'a a Holiwud su yanke masa hukuncin da shi ya kamata ya yanke bayan ya kalli fim da idonsa. Duk lokacin da ya karanta irin wannan rubutu, ya dace ya ja layi a ƙarƙashin kowace jimla, ya tantance: hasashe ce ko hukunci, kuma wace hujja aka kawo mata?