Kada Ki Fasa Masa Gwangwaninsa

Yau a kan wani ɗan ƙaramin abu nake son mu tattauna, abin da wata maƙwabciyata a nan Sarandosa ta shigo mini da shi a ɓoye cikin mayafi, ranta a ɓace. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini, ta ce, "Yaya, dubi abin da yaron ga ya tsiro da shi. Ni ban haifi maroƙi ba, wuta za ni jefa shi."

Na karɓa na duba. Gwangwanin kifin sadin ne, an rufe bakinsa da fatar akuya, an soka sanda ta ratsa shi, an ɗaura wayar birkin keke guda ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Wato kuntigi ke nan. Yaron bai wuce shekara goma sha uku ba, kuma ba wanda ya koya masa. Na roƙe ta ta bar mini shi kwana biyu kafin ta yanke hukunci. Abin da na gani a kwanakin nan shi ne zan faɗa muku, da kyawunsa da aibinsa.

Mu fara da ƙira. Kuntigi shi ne auta a gidan masu tsirkiya. Molo tsirkiya uku gare shi, garaya biyu, jitar Turawa shida, shi kuwa ɗaya tak. Cikinsa bai fi tafin hannun babban mutum ba. To amma duk abin da ke jikin manyan yana jikinsa: ga ciki mai tara amo, ga fata mai amsawa, ga ɗan jaki da ke ɗage tsirkiya daga kan fatar, ga wuya inda yatsa ke dannawa. Yaron nan ya gane duk wannan da idonsa. Inda ya gaza wuri biyu ne. Na farko, sandar da ya samu ba ta gama bushewa ba, don haka da waya ta ja ta sai ta ɗan lanƙwashe. Na biyu, bai daddanne bakin gwangwanin ba, kaifinsa ya soma cin fatar ta gefe ɗaya. In aka bar shi haka, ba zai kai damina ba zai yage. Amma ɗinkin da ya yi wa fatar ta baya, wallahi ko baduku ya gani sai ya jinjina masa.

Sai amo. Kada wata ta zaci za ta ji irin gurnanin garaya ko kaurin muryar jita. Ƙaramin ciki ba ya ba da murya mai kauri, kamar yadda ƙaramin ƙoƙo a kan ruwa ba ya amsawa irin na babbar ƙwarya a kiɗan ƙwarya, wannan kowace mace ta sani. Muryar kuntigi siririya ce, mai tsini, kuma da an kaɗa take mutuwa, ba ta jan wutsiya. Shi ya sa mai kuntigi ba ya hutawa, dole hannunsa ya yi ta bugu da sauri don kada kiɗan ya yanke. Wannan kasawa ce, ban musa ba. A taron biki mai hayaniya, in babu lasifika, na bayan rumfa ba zai ji komai ba. Haka nan fatar tana bin yanayi: da damina ta saki, amon ya dushe kamar mai mura, sai an kanga ta a rana ko a gefen murhu, da hunturu kuwa ta ɗaure tamau, amon ya fito tangaran.

To amma a cikin kasawar nan alherinsa yake. Tun da ba ya cika kunne, sai ya bar wa magana wuri. Ku tuna marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015. Yana yaro ya je Maiduguri ya ga masu kiɗa, ya dawo ya haɗa nasa kuntigin da hannunsa, kuma da shi ya rayu har ƙarshen ransa. Ba 'yan amshi, ba taron makaɗa, daga shi sai ɗan gwangwaninsa. In yana waƙa, tsirkiyar tana bin hawa da saukar muryarsa, in ya yi shiru ta koma kan karin da ya ɗora waƙar a kai. Duk wadda ta saurari "Jawabin Aure" ko "Auren Dole" ko "Gulma Wuya" ta san ba kalmar da ke ɓacewa, har inda yake sauya murya ya zama miji ya zama mata. Matsalolinmu na cikin gida ya faɗa, kuma iyayenmu mata sun ji shi sarai a rediyo suna tsakar daka. Yanzu fa? Sau nawa muke dawowa daga biki kunne na ƙugi, a tambaye mu me mawaƙin ya ce mu rasa amsa, saboda kiɗan kwamfuta ya danne shi?

Na uku, daɗin hannu. A nan mutane ke ruɗuwa, su ce tsirkiya ɗaya ai wasan yara ne. Ni na gwada, na sha kunya. Jita tana da 'yan ƙarafa a jere a wuyanta, su ke nuna wa yatsa inda zai tsaya. Kuntigi ba shi da ko ɗaya, wuyansa sumul yake. In yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, amon ya karkace, kuma ba wata tsirkiyar da za ta rufa maka asiri. Kunne ne kaɗai jagora. Na yaron nan, saboda lanƙwasar sandar, wayar ta yi nisa da wuya, sai an danna da ƙarfi, har ta shata mini yatsa. Amma da na kira shi na ce ya kaɗa, sai ga shi yana fitar da karin da na gane nan take, yana sunkuyar da kai don kunya. Abin ba nauyi, yana kwanciya a ƙirji, yana shiga aljihun riga. Ƙaramin goro dai ya fi babban dutse.

Washegari uwar ta dawo. Na ce mata, "Ƙanwata, tsoronki na gane shi, kuma ban ce ki bar shi ya yar da allo da boko ya bi tasha ba. Amma ki dubi abin da kyau. Yaron da ya kalli gwangwanin da kika yar a juji ya ga abin kiɗa a ciki, ya auna, ya ɗinka, ya gyara har ya yi magana, wannan kai da hannu gare shi. Yau kuntigi ne, gobe zai iya zama kafinta, ko makanike, ko injiniya daga jami'ar nan ta Aliero." Na kuma ba ta labarin Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa a Nijar, wanda gidansu ba sa son kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, daga baya ya zagaya Turai da Amurka yana wasa. Ba kowane yaro ne zai zama shi ko Ɗanmaraya ba, wannan gaskiya ce. Sai dai wanda aka ƙona wa aikin hannunsa a gaban idonsa, abin da yake koya shi ne ɓoye wa uwarsa komai, kuma wannan ya fi kuntigi haɗari.

Ta yi shiru, can ta ce, "To ya za ni yi da shi?" Na ce ta gindaya masa sharaɗi: ba kiɗa sai an taso daga makaranta, ba lokacin salla, ba yawon dare. Sannan ta sa a nemo masa busasshiyar sanda miƙaƙƙiya, ya daddanne bakin gwangwanin da dutse, ya jiƙa sabuwar fata kafin ya ja ta. Ta karɓi abinta ta mayar cikin mayafi.

Hukuncina a kan wannan kuntigi: ƙirarsa da saura, amonsa mai kyau ne in fatar ta sha rana, hannu kuwa yana wahala sai an sauya sanda. Ke kuma 'yar'uwa, ran da kika tsinci irinsa a bayan randa ko ƙarƙashin gado, kafin ki ɗaga muciya ki ce ya kaɗa miki tukuna. Allah ya shirya mana zuriya, amin.