Mahukunta 17–21: Wa Ya Ƙi Sarautar Allah?

Akwai wa'azin da ake yawan ji a kan ayar ƙarshe ta Littafin Mahukunta, wadda ke bayyana zamanin da Isra'ila ba ta da sarki, kowa yana bin abin da ya yi masa daidai. Mai wa'azi yakan karanta ayar, sa'an nan ya nuna waje: ga matasan da suka bar sujada, ga masu cewa babu Allah, ga abin da wayar hannu ke shigo da shi gidaje. Tushen wannan wa'azi gaskiya ne. Inda aka ƙi ikon Allah, halin kirki ba ya daɗewa, kuma Bulus ya nuna haka dalla-dalla a Romawa 1:18-32. Amma muna ganin wa'azin ya tsallake abin da marubucin Mahukunta ya fi so mu lura da shi. A cikin surorin nan biyar babu mutum ko ɗaya da ya musunci Allah. Kusan dukan waɗanda suka yi ɓarna suna kiran sunan Ubangiji a bakinsu.

Bari mu bi labarin yadda aka jera shi. Sura 17 ta fara da Mika, mutumin ƙasar tudu ta Ifraimu, wanda ya saci azurfa 1,100 na mahaifiyarsa. Da ya mayar, sai uwar ta sa masa albarka da sunan Ubangiji, ta ce ta keɓe kuɗin ga Ubangiji, amma 200 kaɗai ta kai wa maƙeri, kuma abin da aka ƙera da su gunki ne. A 'yan ayoyi kaɗan an yi sata, an raina iyaye, an tauye wa'adi, an yi gunki, duk cikin harshen ibada. Bayan haka Mika ya ɗauki wani Balawe daga Baitalami aikin firist, a kan azurfa 10 a shekara da sutura da abinci, ya kuma tabbata a ransa cewa yanzu Ubangiji zai yi masa alheri.

Wannan Balawe shi ne ya kamata ya tsayar da mu, mu da muke shirin hidima. Sa'ad da mayaƙan Dan 600 suka kwashe gumakan Mika, suka tambaye shi ko ya fi son zama firist na gida ɗaya ko na kabila guda, sai ya yi murna ya bi su. Sai a 18:30 marubucin ya faɗi sunansa: Jonatan ɗan Gershom, daga zuriyar Musa. A rubutun Ibrananci an rataya harafi guda a saman sunan Musa don a karanta shi Manassa, kuma masana da yawa suna ganin masu kwafe littafin sun yi haka ne don kare martabar Musa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Asali mai kyau da muƙami mai tsarki ba su hana shi sayar da hidimarsa ga wanda ya fi biya ba.

Surori 19 zuwa 21 sun nuna inda irin wannan sujada take kai jama'a. Wani Balawe kuma, tare da ƙwarƙwararsa, ya ƙi kwana a Yebus domin garin baƙi ne, ya zaɓi Gibeya ta Biliyaminu domin garin 'yan'uwa ne. A can, cikin jama'ar alkawari, aka maimaita abin da Saduma ta yi a Farawa 19. Ya miƙa matar ga 'yan iskan gari don ya tsira, da safe ya same ta a bakin ƙofa, ya ɗora ta a kan jaki, ya yanyanka ta kashi 12 ya aika wa kabilun. Da ya tsaya gaban taro a Mizfa, bai ambaci cewa shi ya tura ta waje ba. A kan wannan rabin gaskiya aka yi yaƙin da ya bar Biliyaminu da maza 600 kawai. Don kada su karya rantsuwar da suka yi, dattawan suka aika mutum 12,000 su hallaka Yabesh-gileyad, suka kwaso budurwai 400, sa'an nan suka ba da shawara a sace sauran matan a wurin idin Ubangiji a Shilo. Jama'ar da ta tashi neman hakkin mace ɗaya ta ƙare da zaluntar ɗaruruwa.

Mu lura da tsarin littafin. A sura 1, Aksa 'yar Kalibu tana da suna da murya, ta sauka daga jaki ta roƙi mahaifinta maɓuɓɓugan ruwa, ya ba ta. A sura 19, macen ba ta da suna, ba ta ce uffan ba, kuma ɗora ta aka yi a kan jakin. Haka kuma 20:28 ta nuna Finehas jikan Haruna yana raye a lokacin, wato abin ya faru ba da daɗewa ba bayan Joshuwa. Marubucin ya ajiye labarin a ƙarshe da gangan, domin ya zama ma'aunin littafin duka. A wurinsa, ana gane ko jama'a na ƙarƙashin Allah ta yadda take bi da baƙo, da mace, da marar ƙarfi irin mutanen Layish.

Wasu masana suna cewa manufar surorin ita ce goyon bayan sarauta, musamman ta gidan Dawuda, tun da sau huɗu aka ambaci rashin sarki (17:6, 18:1, 19:1, 21:25), kuma Gibeya garin Saul ne. Wannan ra'ayi yana da hujja, bai kamata mu yi watsi da shi ba. Amma bai isa ya sa mu koyar cewa shugaba mai ƙarfi shi ne maganin lalacewa ba. Sarki ne, Yerobowam, ya kafa ɗan maraƙin zinariya a Dan ɗin nan. Dawuda kansa ya ɗauki matar Uriya. Maimaitawar Shari'a 17 ta sa sarki ƙarƙashin Doka, ya riƙa karanta ta dukan kwanakinsa, kuma 1 Sama'ila 8:7 ta nuna ainihin wanda jama'ar suka ƙi shi ne Ubangiji. Abin da ya ɓace a zamanin mahukunta biyayya ce ga Sarkin da yake nan tun farko.

Saboda haka, idan za mu yi wa'azi a kan lalacewar zamani, nassin ya tilasta mu fara daga bagade. Laifi tudu ne, akan taka nasa a hango na wani, shi ya sa Bulus, da gama lissafin zunuban al'ummai, ya juya a Romawa 2:1 kan mai yanke hukunci. Fasto zai iya ƙin ikon Allah alhali yana sanye da rigar hidima: in ya zaɓi wurin aiki bisa ga albashi kaɗai, in ya sa wa dukiyar da ya san tushenta albarka domin an fitar da baiko daga ciki, in majalisar dattawa ta rufe cin zarafin yarinya don kare sunan ikkilisiya, ko in aka kira fansar kabila da sunan kishin Ubangiji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tamkarsa a surorin da muka bincika.

Littafin Rut, wanda ke biye a jerin Littafi Mai Tsarki namu, ya faru ne a wannan zamani, a Baitalami ɗin nan. A can Bo'aza ya bi dokar kala, ya umarci samarinsa kada su taɓa baƙuwa. Daga wannan gida Dawuda ya fito, daga zuriyarsa kuma Yesu Almasihu, Sarkin da ya ba da kansa maimakon ya tura wani waje. A ƙarƙashinsa ne za a auna hidimarmu, kafin mu auna duniya.