Tsokaci Kan Koyar da Lissafin Daidaito Mai Saiwa da Ɗagawar Juzu'i

Hanyar da aka fi bi wajen koyar da wannan darasi a babbar sakandare ita ce hardar matakai: a ware saiwa gefe guda, a ninka kowane gefe da kansa, sannan a warware. Hanyar tana da sauri, sai dai tana ɓoye wa ɗalibi cewa wasu matakan suna sauya adadin amsoshi.

A ɗauki √(x + 2) = x. Idan aka ninka kowane gefe da kansa, za a sami x² − x − 2 = 0, wato x = 2 ko x = −1. Ɗalibin da ya hardace matakai zai rubuta duka biyun ya ajiye alƙalami. Amma da zarar an mayar da −1 cikin tambayar, gefen hagu zai ba da 1, na dama kuwa −1. Dalili shi ne alamar √ tana nufin saiwar da ba ta gaza sifiri ba, ninkawar kuma ta shafe bambancin 1 da −1.

A ɗagawar juzu'i matsalar juyawa take yi. A x^(2/3) = 4, akan ce a ɗaga gefen biyu zuwa 3/2, a sami 8. To, −8 ma amsa ce, domin saiwarta ta uku −2 ce, wadda in an ninka ta da kanta ta ba da 4. Ke nan mataki ɗaya ya shigo da baƙuwar amsa, ɗayan ya kori 'yar gida.

Akwai kuma batun kalmomi. Malamin da ke bayani da Hausa yakan ce "saiwa" yau, gobe "tushe", ɗalibi ya zaci abubuwa biyu ne. "Saiwa" ta fi dacewa, domin ta yi daidai da "jizri" na Larabci, kalmar da Alkhawarizmi ya yi amfani da ita a littafinsa na aljabara wajen shekarar 820.

Saboda haka ya kamata masu tsara manhaja su tsayar da kalma guda, su sanya gwajin amsa a matsayin mataki mai makinsa, su kuma buƙaci ɗalibi ya fassara 2/3 da bakinsa: lambar ƙasa saiwa ce, ta sama ɗagawa. Wanda ya iya faɗar haka ba zai mance da −8 ba.