Mace da Filafili: Hujjar Keɓe wa Mata Darasin Tuƙin Jirgi da Iyo a Ƙasar Gaya

A cikin shekaru arba'in da suka gabata an sami wani salo a fagen koyar da tuƙin jirgin ruwa a Amurka da Turai, wato keɓe wa mata ajinsu daban, inda malama mace ce, ɗalibai mata ne, kuma babu namiji ko ɗaya a cikin jirgin har a gama darasi. Jirgin da ake magana a kansa a can shi ne mai tafiya da iska, wanda ake kafa wa doguwar sanda a tsakiya a ɗaura mata faffaɗan ƙyalle, iska ta cika ƙyallen ta tura jirgin, matuƙi kuma ya riƙa sarrafa igiyoyi yana juya akalarsa. Ɗaya daga cikin makarantun farko na irin wannan ita ce Womanship, wadda Suzanne Pogell ta kafa a birnin Annapolis na Amurka a 1984, kuma abin da ta yi suna a kansa shi ne alkawarin cewa ba a daka wa ɗaliba tsawa. A can wannan lamari ne na wasa da shaƙatawa, amma hujjar da aka gina shi a kanta ta fi ƙarfi a bakin kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara ko Neja, domin a ƙasar Gaya shiga jirgi hanyar kasuwa ce da gona da zumunci, kuma rashin sanin ruwa yana cin rayuka.

Garin Gaya yana kudancin jihar Dosso, kimanin kilomita 300 daga Yamai, yana fuskantar Malanbil ta Jamhuriyar Benin a ɗaya gaɓar, yayin da iyakar Nijeriya ta wajen Kamba take kusa da shi ta gabas. Daga arewa kuwa akwai garuruwan Dallol Mawri, wato tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa sai tafkunan damina, irin su Karakara da Junju, waɗanda mutanensu manoma ne da 'yan kasuwa da suka tashi nesa da babban kogi, amma fatauci yana gangaro da su bakinsa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sa aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fito ya koma hannun masu kwale-kwale, fito kuwa shi ne ƙetarar da mutane da kaya daga gaɓa zuwa gaɓa a kan kuɗi. Mutanen da ba su taɓa taka jirgi ba suka wayi gari suna zaune a cikinsa tsakanin buhunan masara da albasa, kuma da yawa daga cikinsu mata ne masu ƙaramin jari, wasu da goyo a baya.

Tarihin haɗurran wannan yanki ya isa ya tayar da hankalin duk mai tunani. A watan Satumban 2017 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa daga wajen Gaya zuwa kasuwar Lolo da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ya kife, aka rasa fiye da mutum 30. A watan Fabrairun 2019 wani jirgin da ya taso daga ɓangaren Benin zuwa cin kasuwa ya nutse a kusa da garin Sambera, gomman mutane suka salwanta. A watan Mayun 2023 kuma, a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, yara 15, mafi yawansu 'yan mata, suka rasu a kan hanyarsu ta ƙetarawa neman itacen girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma maza sun fi yawa a cikinsu, saboda su ne suka fi shiga ruwa don su da tuƙi da wanka. Sai dai lissafin yana juyawa a ranar da ruwa ya auka wa kowa lokaci ɗaya, kamar yadda ƙungiyar Oxfam ta nuna bayan ambaliyar teku ta 2004, inda a wasu ƙauyukan Aceh na Indunusiya matan da suka mutu suka ninka maza har sau huɗu, kuma rashin koyon iyo yana cikin dalilan da aka bayar.

Domin a gane inda bambancin yake, wajibi ne a duba yadda ilimin ruwa yake wucewa daga hannu zuwa hannu a tsakanin Sarkawa, wato masuntan gado na Kabi da Yawuri da Dandi, ƙasar da Gaya take ciki, waɗanda ke da Sarkin Ruwa a matsayin jagoran sana'a. Babu wanda yake zaunar da yaro namiji ya karanta masa darasi. Tun yana ƙarami ake sa shi a tsakiyar jirgi da 'yar ƙwarya yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, daga nan a miƙa masa filafili, wato faffaɗan icen tuƙi, ya zauna a goshin jirgi yana kwaikwayon bugun mahaifinsa, sai bayan shekaru a bar shi ya koma baya, inda ake juya akalar jirgin. Kafin ya balaga ya faɗa ruwa sau da yawa a inda manya ke kallonsa, ya san yadda fuskar ruwa take murɗewa a kan dutse ko kututture, ya san wuraren da dorina take kwana, ya kuma bambance jan ruwan damina na Agusta da Satumba da baƙin ruwan da ke isowa daga Gini da Mali a lokacin sanyi. Ita kuwa ƙanwarsa, a mafi yawan gidaje, aikinta yana farawa ne inda jirgi ya tsaya: gyaran kifi, banda, talla, wanki a ruwa iya gwiwa. Ko da ta yi wasan ruwa tana ƙarama, kunya da sutura suna fitar da ita daga ciki da zarar ta fara girma. 'Yar Karakara da ta zo fito ba ta ma sami wannan ɗan abin ba.

Saboda haka, abin da ake gani kamar bambancin halitta, mafi yawansa bambancin shekarun horo ne. Binciken da kamfanin Gallup ya gudanar a ƙasashe fiye da 140 a 2019 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na maza suna iya iyo ba tare da taimako ba, mata kuwa kashi 32 ne kawai, alhali babu wani abu a jikin mace da ke hana ta shawagi a kan ruwa. Hujja mafi kusa tana cikin ƙasar Benin kanta, a garin Ganvie da aka gina a kan tafkin Nokuwe kusa da Kwatano, inda mata suke tuƙa nasu kwale-kwale zuwa kasuwar da ke ci a kan ruwa, 'yan mata kuma suna riƙe filafili tun suna ƙanana, ba don halittarsu ta sha bamban da ta matan Dandi ba, sai don al'adar wurin ta miƙa musu shi. A fagen gasa ma, Tracy Edwards ta jagoranci tawagar mata zalla a jirgin Maiden wajen tseren zagaya duniya na 1989 zuwa 1990 a lokacin da masana da dama suke ganin ba za su kai ba, kuma a 2024 wata tawagar mata a cikin wannan jirgin ta lashe irin wannan tsere. Gaskiya ne cewa a matsakaici maza sun fi ƙarfin damtse da kafaɗa, kuma wannan yana da tasiri wajen tura jirgi mai nauyin kaya da gora a kan ruwa mai ƙarfi, amma mafi yawan tuƙi dabara ce ta zama da daidaita nauyi da karanta ruwa, inji kuma ya rage buƙatar ƙarfin da ta saura.

Idan iyawa ɗaya ce, ana iya tambayar dalilin raba aji. Amsar tana cikin yanayin koyo. Malaman da suka buɗe azuzuwan mata a ƙasashen waje sun lura cewa a jirgin da miji da mata suke, da zarar abu ya rikice sai mijin ya karɓe akala, matar ta koma miƙa igiya, kuma wanda ba a bari ya yi kuskure ya gyara da kansa ba zai taɓa ƙwarewa ba. A ƙasar Hausa da Dandi wannan dalili yana da abokin tafiya da ya fi shi nauyi, wato kunya da dokar sutura. Koyon iyo yana buƙatar malami ya tallafi bayan ɗalibi da hannunsa yayin da yake kwance rigingine a kan ruwa, tufafi kuma suna jiƙewa su manne a jiki, don haka babu uba ko miji da zai yarda namiji ya yi wa 'yarsa ko matarsa wannan, ita ma ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. A nan ajin mata zalla shi ne kaɗai ajin da zai samu ɗalibai. Tsibirin Zanzibar, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, ya gwada haka: shirin Panje da ke Nungwi ya horar da malamai mata, ya samar da kayan iyo masu rufe jiki duka har da kai, ya kuma yi amfani da jarkokin da babu komai a ciki a matsayin abin riƙo ga masu koyo, sai iyaye suka saki 'ya'yansu mata.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take horar da jajoji, wato dattawan mata amintattu da ake naɗa wa malfa, su koma ƙauyuka su karantar da 'yan uwansu mata, domin ta fahimci cewa ilimin da ba zai kai ga mace ta hannun namiji ba yana iya kai wa gare ta ta hannun mace. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware wa mata rana ta musamman don karantar da su bayan sun roƙi haka, kuma sahabiya Ummu Haram bint Milhan ta hau jirgin teku a tafiyar Kubrus. An kuma rawaito cewa Sayyidina Umar ya umarci a koya wa yara iyo. Malaman Gaya da Karakara suna da isasshen abin da za su tsaya a kai idan suka ga dama su goyi bayan lamarin a kan mumbari.

Abin da ya kamata a koyar ba shi da yawa, kuma kayan aikinsa suna nan a gida. Da farko ɗaliba ta koyi kwanciya a kan ruwa tana numfashi ba tare da firgita ba, sannan ta koyi yin hakan da irin tufafin da take shiga jirgi da su, domin zane da dogon hijabi suna naɗe ƙafa da hannu idan sun sha ruwa, kuma dole ta san yadda za ta sassauta su. Mai goyo ta koyi kwanto yaro ta riƙe shi a gaba tun kafin jirgi ya tashi, saboda yaron da ke ɗaure a baya fuskarsa ce take fara nutsewa idan uwar ta kwanta don ta yi shawagi. Goran duma, wanda masuntan Argungu suke hawa a kan ruwan Matan Fada a bikin da aka fara a 1934, ko jarka mai murfi, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Bayan haka sai tuƙi: zama ƙasa-ƙasa a tsakiya, bin gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi idan ana hawa, nufar sama da inda ake son sauka idan ana ƙetarawa, fuskantar igiyar ruwan da babban jirgi ya tayar da goshin kwale-kwale, da kashe inji ko tayar da shi idan matuƙi ya faɗi. Macen da ta san waɗannan za ta gane jirgin da aka cika wa kaya fiye da kima tun yana bakin gaɓa, kuma za ta san cewa ruguwar fasinjoji zuwa gefe ɗaya ita ce take kifar da shi.

Akwai suka guda biyu da suka cancanci amsa. Na farko shi ne tsoron kada ajin mata ya zama ajin rangwame, inda ake sassauta ma'auni, a ba da takarda ba tare da ƙwarewa ba. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuma shi ne jarrabawa iri ɗaya ga kowa a kan kogi ɗaya, domin keɓewar ta wurin koyo ce kawai, ruwa kuwa ba ya sassauta wa kowa. Na biyu shi ne cewa asalin haɗurran lodi ne fiye da kima, da tsofaffin jirage, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, kuma iya iyo ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai halatta hukuma ta fake da darasin mata ta sauke nauyin da ke kanta na ƙayyade lodi da tilasta sa rigar kariya ba. Amma doka tana rage yawan kifewar jirage ne, ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma a ranar da jirgi ya kife abin da ke jikin mutum na sani shi ne yake riƙe shi har ceto ya iso.

Hanyar farawa a bayyane take. A gidajen Sarkawa ba a rasa dattawan mata da suka tashi da sanin ruwa, kuma su ne jajojin wannan aiki idan aka nemo su, aka ƙara musu horo kan ceto da taimakon farko, aka kuma biya su haƙƙinsu. Sarakunan ruwa su keɓe mashigi marar zurfi a lokacin rani, sa'ad da kogi ya ja baya, a hana maza kusantarsa a sa'o'in darasi. Ƙungiyoyin mata masu adashi da masu sayar da kifi su tara ɗalibai, hukumomin garuruwan Gaya da Karakara kuma su sa kuɗin rigunan kariya da kayan iyo masu sutura a cikin kasafinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli na kowace shekara a matsayin ranar yaƙi da nutsewa tun daga 2021, kuma ya dace hukumomin jihar Dosso su riƙa bayyana a wannan rana yawan matan da aka horar. Duk al'ummar da take tura 'ya'yanta mata ƙetare kogi neman itace da abinci, wajibi ne a kanta ta koya musu iyo da tuƙi kafin ta sa su a jirgi.